Kura da shan bugu: wa zai biya kuɗin alkawarin 2060?

A bakin layinmu akwai wata dattijuwa da kowa ke kira Iya, mai ƙosai da kunu. Shekarun baya babban ɗanta ya saya mata tukunyar gas, irin ƙaramar nan da ake ɗora kan murhu a samanta. Ranar da ta fara suya da ita har tsiya maƙwabta suka riƙa yi mata, wai Iya ta waye. Ta daina hawaye da asuba, tarin da ke damunta ya lafa, gindin kaskonta ya daina yin baƙi. Yanzu kuwa in ka bi ta wurin bayan an idar da sallar asuba, hayaƙin itace ne zai fara yi maka sallama kafin ƙamshin ƙosai. Tukunyar tana ƙarƙashin gado. Da na tambaye ta dalili, sai ta dube ni kamar wanda ya yi tambayar wauta, ta ce: "Ɗan nan, in na cika ta, da me zan sayi wake?"

Iya ba ta taɓa jin sunan Glasgow ba, amma a can aka ɗauki alkawari da yawunta. A watan Nuwamba na 2021, a taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya da ake kira COP26, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa duniya cewa zuwa 2060 Najeriya za ta daina ƙara wa sararin sama hayaƙin da ke ɗumama duniya. Ma'ana, hayaƙin da muke saki daga injuna da motoci da murhu da rijiyoyin mai, da wanda dazuzzuka da ƙasa ke shanyewa, su tashi kunnen doki. A cikin watan ne kuma ya sa hannu a dokar sauyin yanayi, wadda ta kafa majalisar ƙasa kan lamarin ƙarƙashin jagorancin shugaban ƙasa da kansa. A watan Agusta na 2022 mataimakinsa, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shirin sauya makamashi na ƙasa, wanda ya ƙiyasta cewa tafiyar za ta ci ƙarin dala biliyan 410 a kan abin da dama za a kashe, wato kusan dala biliyan 10 kowace shekara.

Bari in faɗa tun da wuri, don kada a ɗauka ina cikin masu cewa sauyin yanayi tatsuniyar Bature ce: ina goyon bayan wannan alkawari. Mu da muke bakin hamada ba ma buƙatar wani ya zo da allo da alli ya koya mana. Tafkin Chadi da ya kai murabba'in kilomita kusan 25,000 a farkon shekarun 1960 ya janye ya bar masunta suna noma a inda iyayensu suka jefa koma. Ambaliyar 2022 ta kashe mutum fiye da 600 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan guda da muhallinsu, kuma Jigawa na cikin waɗanda suka fi ji a jika. A Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta shafe unguwannin Maiduguri. A Mayu na 2025 sai Mokwa. Akwai sakaci da rashin gyara a cikin wasu daga waɗannan, babu musu, amma duk manomin da ya haura shekara hamsin zai gaya maka damina ta daina riƙe alkawari. Ban da wannan ma akwai lissafin aljihu. Kusan rabin sababbin motocin da aka sayar a Sin a 2024 masu amfani da lantarki ne, gaba ɗaya ko rabi da rabi. Masu sayen ɗanyen manmu suna shirin rage saye, ko mun shirya ko ba mu shirya ba, kuma yawancin jihohinmu na Arewa ba sa iya biyan albashi sai rabon wata-wata ya iso daga Abuja.

Saboda haka tafiya dai dole ce. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jerin gwanon: wa za a fara karɓa a hannunsa, wa kuma za a fara ba shi.

Mun riga mun ga gwaji. Ranar 29 ga Mayu 2023, a dandalin Eagle Square, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Kafin mako ya zagayo lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kuma kafin ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. A idon masana muhalli na ƙasashen waje wannan babban ci gaba ne, domin sun daɗe suna cewa tallafin mai ƙarfafa ƙona mai ne. Kuma gaskiya ne tsarin tallafin ya ruɓe, masu fasa-ƙwauri da masu takardun bogi sun fi talaka cin moriyarsa. Ni ban taɓa yi masa kuka ba. Amma dubi yadda aka jera abubuwan. An cire tallafi a rana ɗaya, da jimla ɗaya. Maganar motocin bas masu amfani da iskar gas ta CNG ta biyo baya da watanni. Tallafin naira 25,000 na wata uku ga magidanta an sanar da shi ne a Oktoba. Sabon mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 sai a Yuli na 2024, bayan wata goma sha huɗu, kuma shi ma na masu albashi ne, alhali mafi yawanmu ba mu da takardar albashi. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa tun 2020, ranar da aka cire tallafin bai iso ba. To ɗan Adaidaita Sahu na Kano da aka ce ya koma gas, a ina zai sha? An cire tsani tukuna, sannan aka aika a nemo kafinta.

Me ya biyo baya? Manomin rani da ke ba tumatir da albasa ruwa da injin fetur ya rage faɗin gonarsa. Mai niƙa ya ninka kuɗin markaɗe. Malamin makaranta ya jingine babur ya koma sayyada. Faɗuwar darajar naira ta ja farashin gas ɗin girki sama, kananzir kuwa dama ya riga ya fi fetur tsada, risho ya zama kayan tarihi. Sai matan birni irin su Iya, waɗanda da ƙyar aka shawo kansu suka bar itace, suka koma masa da gawayi. Duk wanda ke bin hanyoyin da ke shigowa Kaduna ko Kano ya ga yadda buhunan gawayi suka yi layi a bakin titi, ya ga tireloli da a-kori-kura shaƙe da itace. Wato matakin da aka yaba da shi a matsayin na kare muhalli, a murhun talaka sai ya zama gatari a gindin bishiya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zanga-zangar tsadar rayuwa ta watan Agusta na 2024, wadda ta fi zafi a biranen Arewa, ba daga sama ta faɗo ba.

Wannan darasi ne ya kamata a rubuta a shafin farko na duk wani shiri na 2060: a kawo sabo ya zauna da gindinsa kafin a karɓe tsoho. In aka juya jerin, talaka zai biya sau biyu, kuma a ƙarshe hayaƙin ma ba zai ragu ba.

Ina da dalilina na kaina na tsoron sauyin da ba a shirya wa mutane ba. A unguwar Kakuri ta Kaduna na tashi, lokacin da jiniyar masaƙu ce agogon unguwa. In ta yi kuka da rana, titi ya cika da kekuna, masu tuwo da masu rake da masu faci duk su samu na cefane. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya yi shekara ashirin da wani abu a ɗaya daga cikinsu. Da wuta ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, atamfar waje ta cika kasuwa, sai masaƙun suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya tara ma'aikata ya ce musu nan da shekara biyar wannan sana'a za ta ƙare, ga abin da za ku koya, ga jarin da za ku fara da shi. Wata safiya kawai suka tarar da ƙofa a garƙame. Na ga dattawan da suka iya sarrafa injin da ya fi ɗakinmu girma sun koma gadi da turin baro. Na ga ana tara kuɗin likkafani ga mutanen da suka mutu suna bin haƙƙinsu na sallama. Kuma asarar ba ta tsaya a ƙofar masaƙa ba, ta bi jirgi da mota har gonakin auduga na Funtuwa da Gusau. Tsara guda ta samari ta tashi a unguwannin nan babu aikin yi, kuma kowa ya san abin da zaman banza ya haifa mana.

Kwatanta da Jamus. A 2007 suka yanke shawarar daina tallafa wa haƙar kwal na ƙarƙashin ƙasa, suka ba kansu har zuwa 2018. Shekara goma sha ɗaya ana yi wa tsofaffi ritaya da wuri, ana koya wa matasa wata sana'a, kafin a rufe ramin ƙarshe a Bottrop a Disamba na 2018. Da suka zo kan tashoshin wuta masu ƙona kwal, suka sa 2038 a doka, suka ware yuro biliyan 40 don yankunan da abin zai shafa. Na san za a ce Jamus mai kuɗi ce. Haka ne. Amma sanarwa da wuri da zama da ma'aikata ba kuɗi suke ci ba, mutunta mutane suke buƙata. Afirka ta Kudu, wadda ta fi kusa da halinmu, ta rufe tashar kwal ta Komati a 2022 da alkawarin mayar da wurin cibiyar sola da koyar da sana'a, sai rufewar ta riga ayyukan isowa, garin ya shiga ƙunci, har hukumar da shugaban ƙasarsu ya kafa kan sauyin yanayi ta amsa cewa an makara wajen tuntuɓar mutanen wurin. Sun dai yi ta maza sun amsa kuskure. Mu har yau ban ji wanda ya nemi afuwar Kakuri ba.

Akwai ɓangaren adalcin da ya shafi waje, kuma shugabanninmu sun fi son magana a kansa saboda a nan su ne masu gaskiya. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya. Ɗan Najeriya a matsakaici bai kai tan guda na iskar kabon a shekara ba, Ba'amurke yana haura tan goma sha uku. Ƙasashen da suka ƙona kwal shekara ɗari biyu suka yi arziki, su ne suka yi alkawarin dala biliyan 100 duk shekara a Copenhagen a 2009, za a fara daga 2020, ba su cika ba sai a 2022, kuma kaso mai yawa bashi ne. A Baku a 2024 aka ɗaga zuwa dala biliyan 300 nan da 2035. Watanni kaɗan bayan haka Amurka ta sake bayyana ficewa daga yarjejeniyar Paris ta sauyin yanayi, ta kuma zare hannunta daga tallafin dala biliyan 8.5 da ita da ƙasashen Turai suka yi wa Afirka ta Kudu alkawari a Glasgow. Turai da ke hana bankunanta ba mu rancen ayyukan gas, ita ce ta bazama neman gas ɗin Afirka da yaƙin Ukraine ya ɓarke a 2022. Wanzami ba ya son jarfa.

Duk wannan gaskiya ne, kuma a ci gaba da faɗa musu. Sai dai wanda ya je Dubai taron COP28 da sunaye 1,411 a jerin tawagarsa, ko da gwamnati ta ce mutum 422 kawai ta ɗauki nauyi, ba shi da bakin yi wa kowa wa'azin tsimi. Kuma rashin adalcin da Amurka ke yi wa Najeriya, irinsa Maitama ke yi wa Rigasa. Gidan da ke kunna janaretan dizal dare da rana don na'urorin sanyaya ɗaki goma, da ayarin jami'in da ke tafe da manyan motoci ashirin, su ne Amurkawan cikinmu. In za a sa harajin hayaƙi, can ya kamata a fara. A kasafin 2025 an ware naira biliyan 10 don sanya sola a fadar shugaban ƙasa. Ban ce laifi ba ne fadar ta yi amfani da hasken rana. Abin da na gani shi ne mai gida ya fara ficewa daga ɗakin da ke yoyo ya bar iyali a ciki.

In da ni ake tambaya inda za a fara kashe kuɗin, zan ce a murhu. Ba a cika jin wannan a manyan taruka ba, domin girki aikin mata ne kuma matan ba sa zauren. Amma mafi yawan gidajen ƙasar nan da itace da gawayi suke girki, hayaƙin yana cin huhu da idon uwa da na goyon da ke bayanta, sarewar kuma tana buɗe wa hamada ƙofa a jihohi goma sha ɗaya da ke cikin shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi. Muna dasa dogon yaro da hannun dama, muna sare marke da ƙirya da hagu. A wurin da ake fama da 'yan bindiga kuma, shiga daji neman itace kansa ya zama saida rai. Gwamnati ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa a 2024, kuma shirin 2060 ya sa girki cikin manyan ɓangarorinsa biyar. Madalla. To amma a takarda ne. A ƙasa, abin da aka fi gani shi ne jami'in gandun daji ya tare mai amalanken itace ya karɓi na goro.

Hana sare itace ba tare da an sauƙaƙa gas ba, zalunci ne kawai da rigar kare muhalli. Mai saran itace da mai ƙona gawayi ba maƙiyan daji ba ne, mutane ne da ba su da wata sana'ar rani. Kuma abin takaicin shi ne gas ɗin muna da shi har muna ƙona shi a banza. Tun 1979 aka yi dokar da ta ce a daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai daga 1984. An ɗaga wa'adin har an gaji da ƙirgawa, yanzu ana maganar 2030, kuma Najeriya na nan cikin ƙasashe goma da suka fi ƙona shi a duniya a lissafin Bankin Duniya. Mutanen Neja Delta suna kwana da hasken wutar da ba ta dafa wa kowa abinci, Iya kuma tana hura itace a Kaduna. Wani zai ce ai gas ma makamashin ƙarƙashin ƙasa ne, yana fitar da hayaƙi. Na sani. Amma wanda ke son ya tsallaka da matar ƙauye daga murhun duwatsu uku kai tsaye zuwa murhun lantarki, a ƙasar da mutum fiye da miliyan 80 ba su da wuta, bai taɓa kwana a ƙauye ba. A ɗauki wani kaso bayyananne na kuɗin da aka ce an tsimi daga tallafin fetur a sa shi a tukunyar gas ta farko da kuma cikawa kaɗan-kaɗan, ta naira ɗari biyar ko dubu, yadda mace ke sayen itace kullum gwargwadon cinikinta. Masu gidan burodi, masu tuwo-tuwo, makarantun kwana da gidajen yari, waɗanda ke cin itace da tirela, a fara da su.

Sai wuta. Ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar. A Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na 'yan rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa sharaɗin za su samu awa ashirin a rana. Hankalin kasuwa ya nuna inda kamfani zai karkata wutar: inda ta fi tsada. Unguwar mai walda da tela da mai ƙanƙara ta samu ragowa. Sannan a Oktoba na 2024 aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke zagayowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, yawancin jihohin Arewa suka shafe fiye da mako guda a duhu. Masu shinkafa suka kashe injuna, asibitoci suka koma tocila, cajin waya ya zama abin layi. Yanki mafi zafin rana a ƙasar nan ya zauna jiran wutar da ake jawowa daga ɗaruruwan kilomita ta dajin da 'yan bindiga ke iko da shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun ɗanɗana irin wannan a 2023, lokacin da aka yanke musu wutar da suke saye daga nan bayan juyin mulki.

A nan ne nake ganin Arewa za ta iya cin riba a wannan sauyi, in gwamnoninmu sun farka. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kafa hukumar sa ido tasu. An ga misalai: tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso da aka buɗe a farkon 2023, solar Jami'ar Bayero, da wadda aka sa wa shaguna a kasuwar Sabon Gari. An kuma ga misalin yadda ba a so, wato injinan iska na Lambar Rimi a Katsina, megawat 10 kacal, da suka shafe fiye da shekara goma ana jan ƙafa. Amma abin da ya fi burge ni ba gwamnati ce ta yi shi ba. Manoman rani ne a fadamun Kano da Jigawa da Kebbi, waɗanda tsadar fetur ta kora suka koma famfon sola. Babu wanda ya yi musu lacca kan ɗumamar yanayi. Lissafi suka yi: faranti ba ya shan mai. Wanda ya samu ya saya ya huta, har yana sayar wa maƙwabcinsa ruwa.

Matsalar ita ce wa ke iya saya. Sola kuɗinta a gaba yake, gaba ɗaya, rana ɗaya. Fetur kuwa ana sayensa kwalba-kwalba. Shi ya sa mai hali ke komawa sola ya rage kashe kuɗi, marar hali ya ci gaba da sayen makamashi mafi tsada a wurin 'yan bumburutu. Kashin dankali ke nan, ƙarami a ƙasa. Banki kuma ruwan da yake ɗorawa ya kai kashi 30 cikin 100, ban da cewa mutanenmu da yawa ba za su taɓa bashin ruwa ba ko da kyauta ake rabawa. Duk shirin da bai zo da hanyar saye da biya sannu a hankali ba tare da riba ba, irin murabaha da bankunan Musulunci ke yi, ko ta ƙungiyoyin manoma da adashen mata, da biya bayan girbi, to ya bar rabin Arewa a baya tun kafin a tashi. Kuma maganar hana shigo da farantan sola da wani minista ya taso da ita a 2025, da sunan kare masana'antun gida da ba su kai ga wadatar da kasuwa ba, ita ma cire tsani ce kafin kafinta ya iso.

Ba mu kaɗai ke bin bashi ba, kuma bai kamata ɗan Arewa ya manta ba. Tun da aka samu mai a Oloibiri a 1956 mutanen Neja Delta ke shan gurɓataccen ruwa don a biya albashi a Sakkwato da Yola. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyara ƙasar Ogoni kaɗai zai ɗauki shekara 25 zuwa 30. Yanzu manyan kamfanonin waje suna sayar da rijiyoyinsu na tudu suna komawa teku. In aka bar su suka tafi ba a tsaftace ba, an maimaita Kakuri, wannan karon har da guba a rijiya. Mu kuma da ake yi wa albishir da man Kolmani tun 2022, da ma'adinin litiyam na Nasarawa da ake yin batir da shi, mu tuna da Zamfara a 2010, inda gubar dalma daga haƙar zinare ta kashe yara fiye da 400. Batirin da zai tsaftace iskar Turai bai kamata a haƙo shi da hannun yaran da ya kamata a ce suna aji ba. Haka nan duk wanda ya zo da maganar killace daji don sayar wa kamfanonin waje ladan shanye hayaƙi, a fara tambayarsa: burtalin da ya ratsa dajin fa, da matan da ke tsintar kaɗanya da ɗorawa a ciki?

Abu na ƙarshe da ke damuna shi ne zauren da ake yanke shawarar. Takardun shirin da Turanci suke, Turancin ma na masana, ana ƙaddamar da su a otal-otal na Abuja. Ban taɓa jin an karanta su a rediyo da Hausa ko Fulatanci ko Kanuri an buɗe layi mutane su kira ba, alhali ko sabon irin gero za a kawo sai an bi ta wurin mai unguwa da limami. Shugabannin 'yan Adaidaita, ƙungiyar direbobi, makanikai da za a ce su koyi gyaran injin gas da na batir, masu sayar da itace, makiyaya, matan da ke suya a bakin titi, su ne za a sauya wa rayuwa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shekarar 2060 tana da daɗin alkawari saboda babu ɗaya daga masu sa hannu da zai kai a tuhume shi. Ni na fi son a gaya mini na baɗi: gidaje nawa a Kaduna za su samu tukunyar gas, famfon sola nawa za a raba bashi a Haɗeja, makanikai nawa za a horar a Kano, nawa aka tsima daga tallafi kuma nawa ya shiga waɗannan. A liƙa a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma, yadda ake liƙa sakamakon zaɓe.

Shekaranjiya na tsaya sayen ƙosai, na tarar Iya tana faɗa da mai kawo mata itace, wai ɗaurin da yake ba ta ya rame kuma ya ƙara kuɗi. Shi kuma yana rantsuwa cewa yanzu sai ya yi tafiyar da ta ninka ta da kafin ya samu abin sara, ga kuɗin mota, ga na masu tare hanya. Ta juyo ta ce mini in tambayar mata nawa ake cika ƙaramar tukunya yanzu, in ya sauko ta fito da ita. Na tambayo. Da na gaya mata, sai ta yi shiru, ta gyara itacen da ke ƙarƙashin kasko, ta ce in miƙo mata mafici.